Sifika Mai Garɗi

Watan jiya maƙwabcina ya ce in raka shi Sabon Gari. Sifika yake so. Ya yi ritaya daga koyarwa, an ba shi ɗan abin da aka ba shi, ya ce abu ɗaya zai yi wa kansa. Yana son abin da zai riƙa jin karatun Husari bayan asuba, in la'asar ta yi sanyi kuma ya sa Shata. Muka tari adaidaita-sahu muka tafi.

Kai ma ka san layin masu kayan sauti. Tun ba ka shiga ba ƙirjinka ke fara amsawa. Kowane shago ya fito da tasa bakin ƙofa, kowa ya ƙure, ga janareto a gefe yana nasa. Yaron shagon farko bai tambaye mu abin da muke saurare ba. Ya ce, "Baba, zo ka ji bes." Ya murɗa. Ledar da aka rataye a jikin ƙofa ta kama rawa.

Malam, maƙwabcin nawa, ya tsaya, hannu a baya, ya saurara. Da yaron ya rage sai ya ce, "Ɗana, ƙara kam akwai. Amma ba garɗi." Yaron ya dube shi, ya dube ni, ya nuna mana takardar da aka manna a gaban akwatin: wat 5,000. Na zagaya baya na karanta ɗan rubutun da ke kusa da wayar wuta. Abin da na'urar take ja daga soket gaba ɗayanta wat 60 ne.

Kalmar nan ta Malam ta biyo ni har gida. Turawa masu son kayan sauti, idan sifika ta yi musu irin daɗin da yake nema, cewa suke tana da ɗumi. Da zafi da sanyi suke auna sauti. Mu da harshe muke aunawa. Murya mai zaƙi, magana mai garɗi, zance ba gishiri. Kuma a ganina tamu ta fi kama abin. Ɗumi yana iya zama na bargo, wanda ke rufe komai. Garɗi kuwa na gyaɗar da aka soya da yashi ne, ta bar ɗanyantaka, ba ta kai ga ƙuna ba. Kana ci, hannunka na komawa cikin kwano.

Abin yana da ma'auni, ba zancen baki kaɗai ba ne. Sauti girgizar iska ce. Kunnen yaro mai lafiya yana kama girgiza daga sau 20 zuwa wajen sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, na saman kuma yana raguwa da shekaru. Gindin muryar babban namiji yana tsakanin sau 85 da 180, ta mace ta ɗara haka. Daga nan zuwa wajen 300 ko 400, nan ƙirjin murya yake, nan cikin kalangu da ƙwaryar goge ke amsawa. Sifikar da ta cika wa wannan wurin mudunsa ita ake ji da kauri. Can sama kuma, tsakanin 2,000 da 5,000, nan kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji, nan kukan jariri ke suka. Sifikar da ta zuba gishiri a nan, minti biyar na farko sai ka ce ba ka taɓa jin tsabta irin tata ba. Bayan rabin sa'a za ka tarar hannunka na kan maɓalli yana ragewa, ba ka ma san ka miƙa shi ba.

Abin da yaron ya ba mu kuwa yana can ƙasa da 100, inda ake ji da ciki. Wannan na filin biki ne, kuma yana da ranarsa. Amma muryar Shata da kalangunsa kusan duk a tsakiya suke zaune. Mai karatu ma haka.

Ban ga laifin yaron ba. Kasuwa ce ta koya masa, kuma kunne ne ya koya wa kasuwa. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda ji ke sauyawa da ƙarfin sauti. In sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kunne yana zubar da na can ƙasa da na can sama. In an ƙara, sai su dawo. Saboda haka ka jera sifika biyu, ka ɗan ɗaga wa ɗaya kaɗan, kusan kowa zai ce ita ta fi. Mai shago bai san sunan Fletcher ba, amma yatsunsa sun san wannan. Wadda yake son ka ɗauka ita yake murɗa wa da ɗan ƙari.

Wat ɗin da ake tsorata mu da shi ma bai kai yadda ake faɗa ba. Sifikar gida ta yau da kullum, ka ba ta wat ɗaya tak, ka tsaya tazarar mita ɗaya, za ta ba ka desibel 85 zuwa 90. Wannan ya isa ya sa ka ɗaga murya in kana magana da na kusa da kai. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka biyu kuma, sai an ninka wutar wajen sau goma. Mutumin da zai zauna a ɗaki ya ji karatu bayan asuba, iyali na barci, wat ɗin farko shi ne abokin zamansa.

Ido ma yana sa baki. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun zaunar da ma'aikatan kamfanin suka sa musu sifikoki iri-iri. Sau ɗaya a bayan labulen da sauti ke ratsawa, sau ɗaya a fili. Da aka yaye labule, makin manyan masu tsada da ƙyalli ya hau, na ƙarama mai araha ya sauka. Sautin bai sauya ba. Kuma waɗannan mutane ne da sauti ke ciyar da su. To ina ga ni da kai a Sabon Gari, gaban akwati mai fitilu shuɗi da ja suna zagayawa?

Muka bar layin. Can ciki, bayan masu sayar da waya da soket, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da na sani tun zamanin kaset. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Warin dalma, tarin amfilifaya har rufi, da sifikokin gwanjo da ake kawo masa daga Alaba. Muka gaisa. Malam ya faɗi buƙatarsa. Dattijon ya yi tambaya biyu kawai: "Malam, ɗakin naka taku nawa ne? Kuma a kujera kake zama ko a ƙasa?"

Ya jawo wasu guda biyu daga ƙarƙashin tebur. Akwatin katako ne, launin ƙasa, gefe ɗaya ya ɗan goge. Wharfedale ce tsohuwa. Ya cire ƙyallen gaba. Ya buɗe yatsu biyar ya ɗora a kan takardar babbar da masu gyara ke kira wufa, ya danna a hankali, ya saki, kunnensa a kusa. Ya ce in koyil ya taɓa ƙonewa za ka ji yana gogar maganaɗisu, ƙarat-ƙarat. Wannan ta shiga ta fito shiru. Ya shafa zoben da ya zagaye bakin takardar. Na roba ne. Ya ɗauko wata daga gefe ya nuna mana nata na soso, ya taɓa da farce, ya zube kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Zafinmu da shekaru ba sa barin soso. Sannan ya ɗauko batirin tocila guda ɗaya ya taɓa wayoyin baya. Takardar ta yi tsalle gaba. Ya yi wa ɗayar haka, ita ma gaba. Ya ce in ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin sautin sai ya cinye kansa a tsakiyar ɗaki, mutum ya yi ta zagin sifika alhali waya ce aka juya.

Abu na ƙarshe, ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da gaɓar yatsa, yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa. Sai dai tukunya ana so ta yi amo, akwatin sifika kuwa ana so ya yi gum. In akwati na da tasa waƙar, zai riƙa sa ta a cikin ta kowa. Wannan ya amsa kamar ka bugi katangar ƙasa.

Wanda ya kafa kamfanin Wharfedale ɗin nan, Gilbert Briggs, ɗan kasuwar yadi ne a Yorkshire ta Ingila. A 1932 ya haɗa sifikarsa ta farko a ɗakin ƙarƙashin gidansa. Shi ma amon katako ya dame shi, har ya riƙa yin bango biyu yana cika tsakaninsu da yashi. A 1954 ya tara jama'a a babban zauren Royal Festival Hall na Landan, ya sa makaɗa su yi kiɗa a gabansu, ya sa sifika ta maimaita abin da aka naɗa, kowa ya kwatanta da kunnensa. Wannan gwajin ya fi kowace takarda da ake mannawa a gaban akwati. Kuma mu ba ma buƙatar zauren Landan. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a gidan suna ya san yadda kalangu yake. Wanda ya yi sallar tarawihi a bayan liman mai murya ya san yadda muryar mutum take in ba na'ura a tsakani.

Malam ya miƙa wayarsa. Dattijon ya jona ta da wata amfilifaya, bayan ya juya bayanta ya duba. Ya ce wasu daga Amurka suke zuwa, na wuta 120, tamu kuwa 230 ce, in ka soka ba ka duba ba sai hayaƙi. Aka sa Husari. Shehin nan na Masar shi ne ya fara naɗar Alƙur'ani sukutum da tartili, a 1961, kuma har gobe masu koyon tajwidi shi suke bi saboda ba ya haɗiye harafi. Ban taɓa tunanin karatunsa ma'aunin sifika ne ba sai ranar.

Ga yadda abin yake. Harafin sinun yana zaune can sama, wajen ƙaramar da masu gyara ke kira tuwita. Sifika mai kaifi tana mai da shi kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Sifikar da aka dusashe da sunan taushi kuma tana haɗa sinun da sadun su zama abu ɗaya, ba ka jin inda harshe ya cika baki. Gunna tana hanci da ƙirji, a tsakiya. In tsakiyar ta rame, sai gunna ta fito siririya kamar ta sauro. In ta kumbura, sai ka ji Shehi kamar yana karatu da kai a cikin randa. Aya biyu sun isa su tona duk wannan. Malam ya rufe ido, leɓensa na bi. Har aka kai ƙarshen shafi bai ce a ƙara ba, bai ce a rage ba.

Aka sa Shata. Yawancin abin da ya rage mana nasa, da na Ɗanƙwairo, da na Narambaɗa, daga tsofaffin faya-fayai da kaset aka kwaso, aka yi ta kwafa daga waya zuwa waya. Akwai shuuu a bayansu wanda ba ya fita. Sifika mai kaifi wannan shuuu ɗin take turowa gaba, ta bar mawaƙin a baya. A nan ya koma inda ya kamata, kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabta. Abin da na fi kasa kunne a kai shi ne kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau, ya saki, ya sauka. Da haka kalangu ke magana. A akwati irin na yaron can, duk bugun sai ya zama dum ɗaya, kalangu ya koma bebe. A nan ana jin hawa da saukar.

Kada in sa ka ɗauka tsohon katako shi ne magani. Na sha jin tsofaffin sifikoki da ake yabo da taushi alhali tuwitarsu ce ta mutu, mai su bai sani ba. Kai kunnenka kusa da ita ka ji ko tana aiki. Garɗin da ya wuce kima kuma dagulewa ne. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, daɗinsa na cikin wannan tsinin da yake yi in an kaɗa. Sifikar da ta shafe tsinin ta cuce ka, ko da kunnenka bai gaji ba. Abin da ake nema shi ne a cika tsakiya, a bar sama ta fito ba tare da ta yi suka ba.

Mutanen da suka fi kowa wahala a kan wannan su ne injiniyoyin BBC. Mu da muka tashi da Sashen Hausa, wanda ya fara tun 1957, mun san gidan da murya. Su ma murya ce ta dame su. A tsakiyar shekarun 1970 suka fito da wata 'yar sifika mai suna LS3/5A, tsawonta wajen santimita 30, don a riƙa aiki da ita a cikin motocin ɗaukar shiri inda ba fili. Suna da abin da mai shago ba shi da shi: mai magana yana nan kusa, ana iya jin sa baki da baki, a dawo a ji shi ta sifika. In an ji bambanci, sifika ce ta yi ƙarya. Kamfanin KEF ya yi mata wufa da tuwita, aka ba wasu kamfanoni lasisin haɗa ta. Biyu daga cikinsu tsofaffin injiniyoyin gidan ne suka kafa, kowanne ya haɗa sunansa da na matarsa: Spencer Hughes da Dorothy suka zama Spendor, Dudley Harwood da Elizabeth suka zama Harbeth. Har yau ana yin ta, ana sayar da ita kuɗin da ya fi na sabon babur nesa ba kusa ba. Ba ta da bes na can ƙasa, ba ta iya cika zaure. Ban ce ka saya ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne abin da suka auna da shi, kuma wannan kyauta ne, kana da shi a gida.

Akwai kuma akasin haka. Yamaha ta fito da NS-10 a 1978, mai farar wufa, ta cika ɗakunan naɗar waƙa na duniya. Kaifinta ya kai har wasu injiniyoyi suna manna takardar goge hanci a kan tuwitarta. Suna son ta ne don tana tona aibin aiki. Wannan kayan ma'aikata ne. Sunanta babba ne, amma ba ita za ka kai wa dattijo ya yi hira da ita bayan la'asar ba.

Aka yi ciniki, muka ɗauko. A nan ne na ga dalilin tambayoyin dattijon nan biyu.

Falon Malam irin na yanzu ne: tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, silin mai santsi. 'Ya'yansa suka ajiye sifikokin a lunguna biyu, manne da bango, don kada su tare hanya. Aka kunna. Malam ya dube ni. Ba ita ba ce. Ƙasan ya kumbura, saman ya yi tsini, garɗin ya tafi. Na tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon, muka ji tafin ya yi ƙara ya dawo. Rabin abin da kunne ke ji a ɗaki daga bango da daɓe yake dawowa. Lungu yana ƙara wa na ƙasa ƙarfi, tayil da gilashi suna mayar da na sama kamar madubi. Iyayenmu da ke ajiye rediyo a soron ƙasa mai azara, da tabarma da buhunan hatsi a gefe, suna jin sautin da mai falon tayil ba ya samu da kuɗinsa.

Muka kwashe su zuwa ɗakin karatunsa. Darduma a ƙasa, labule mai kauri, littattafai sun rufe bango guda. Muka janye su daga bango wajen kamu ɗaya da rabi, muka raba su da lungu. Ƙa'idar ita ce su biyu da mai sauraro su zauna kamar duwatsun murhu, tazarar kowane da ɗan'uwansa ɗaya, tuwita kuma daidai kunne. Masu rubuta wannan ƙa'ida a kujera suke zama, shi ya sa suke sayar da dogayen ƙafafun ƙarfe. Malam a kan buzu yake zama. Uwargida ta ba mu kujerun tsuguno biyu daga madafa, muka ɗora. Aka mai da Husari. Muryar ta bar akwatunan biyu ta tsaya a tsakiya, daidai inda rehal ɗinsa yake.

In kai ma za ka saya, tafi da muryar da ka sani kamar ta mahaifinka. Ka roƙi mai shago ya rage, ya daidaita ƙarar duk biyun da kake kwatantawa. Ka juya wa fitilun baya. Ka nemi benci ka zauna, ko da rabin sa'a ne, in ya ƙi ka gode masa ka yi gaba. In da hali, ka yi sharaɗin za ka gwada a ɗakinka kwana biyu.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam, amma ban taɓa jiyo sifikar nan daga gidana ba. Sai na shiga na zauna nake ji. Maɓallin amfilifayar yana da lamba daga 0 zuwa 10. Tun da aka kawo ta bai wuce 3 ba.